Baƙuwa a Cikin Kwamfuta: Yadda Ake Gano Inda Matsala Take

Wannan shi ne shirinmu na faɗakarwa kan kwamfuta da fasahar zamani. Ɗalibai, masu gyara, masu shagon buga takardu da ma'aikatan ofis, ku matso kusa. Wanda ke da takarda da biro ya ɗauko, domin akwai 'yan lambobi da za mu rubuta tare.

Yau maganarmu kan kwamfutar da ke zaune a cikin wata kwamfuta ce. Masu sana'ar suna kiranta VM a taƙaice. Mu a wannan shiri za mu kira ta baƙuwa. Ita kuwa kwamfutar da kuke taɓawa da hannu, wadda ta ba ta wurin zama, za mu kira ta mai masauki. Baƙuwa da mai masauki. Ku riƙe waɗannan sunaye biyu, da su za mu yi tafiyar.

Koke uku ake yawan ji daga masu amfani da baƙuwa. Intanet ya ƙi shiga. Firinta ko filashi ya ƙi ganuwa. Allo ya ƙanƙance, ko kuma ya yi baƙi ƙirin. Shirin namu kashi biyar ne, kuma za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Kashi na farko: mece ce baƙuwa, kuma me take gani?

Dabarar ba ta yau ba ce. Tun cikin shekarun 1960 kamfanin IBM na Amurka ya fara raba babbar kwamfuta guda zuwa ƙanana da yawa. A 1999 kamfanin VMware ya kawo abin kan kwamfutocin tebur. A 2007 wani kamfanin Jamus mai suna innotek ya saki VirtualBox ga kowa. Kamfanin Sun ya saye shi a 2008, sannan Oracle ya sayi Sun a 2010. Microsoft na da tasa manhajar, Hyper-V. Linux kuma na da KVM. Misalanmu na yau daga VirtualBox za su fito, domin kyauta ake samunta, kuma da ita ɗalibai da dama ke fara koyo. Amma darasin ya shafi sauran duka.

Wa ke buƙatar baƙuwa? Ɗalibar da kwamfutarta ke ɗauke da Windows, malami kuma ya ce sai an koyi Linux. Mai shagon da tsohuwar manhajarsa ba ta tashi sai a kan Windows 7. Da mai koyon gyara da ke son gwaji ba tare da ya lalata kwamfutar maigidansa ba.

To, ga gundarin shirin nan, ku saurara da kyau. Baƙuwa ba ta ganin ƙarfen kwamfutarku. Katin sadarwar da take gani, manhaja ce ta ƙirƙira mata shi. Katin hoton da take gani, shi ma haka. Abin da aka miƙa mata kaɗai ta sani. Kamar baƙon da ya sauka a gidanku ne. Ruwan da zai sha daga randarku yake. Hasken ɗakinsa daga wayar gidanku yake. Saƙon da zai aika waje ta ƙofarku zai bi. Idan baƙo ya ce babu ruwa, ba a ɗakinsa ake fara bincike ba, randa ake fara leƙawa.

Saboda haka wurare uku matsala ke iya ɓuya. Na ɗaya, a jikin mai masauki. Na biyu, a saitin da ke tsakani, wato abin da kuka zaɓa a cikin VirtualBox. Na uku, a cikin baƙuwar kanta. Mai masauki, saiti, baƙuwa. Kullum a haka ake bin su, daga waje zuwa ciki. Wanda ya bi wannan jeri zai huta da goge baƙuwa yana sake ɗorawa ba gaira ba dalili.

Kashi na biyu: idan baƙuwa ta ƙi tashi, ko tana jan ƙafa.

Kafin a yi maganar intanet, sai baƙuwa ta tashi tukuna. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar lissafin kwamfuta, tana da wata baiwa ta musamman don ɗaukar baƙi. Intel ya fito da tasa a 2005 da sunan VT-x. AMD ya biyo baya a 2006 da AMD-V. Sau da yawa kwamfuta na zuwa da wannan baiwa a kashe, kuma mai sayen ta hannu ba ya sanin haka sai ranar da ya buƙace ta.

Ga yadda ake dubawa a Windows. Ku danna Ctrl da Shift da Esc lokaci guda. Ku shiga Performance, ku zaɓi CPU. A ƙasa za ku ga an rubuta Virtualization. Idan Enabled ke gabansa, a kunne take. Idan Disabled ne, sai an shiga BIOS, wato saitin da ke fitowa kafin Windows ta tashi. A yawancin kwamfutocin HP da F10 ake shiga, a Dell da F2, a Lenovo da F1 ko F2. Ku nemi VT-x, ko kuma SVM idan furosesar AMD ce. Ku kunna, ku adana, ku fita. Sauran abubuwan da ke wurin ku bar su yadda kuka same su.

Wani lokaci baƙuwa na tashi, amma tafiyarta kamar ta mai ciwon ƙafa. Ku duba ƙasan tagar, ta hannun dama. Idan kun ga hoton ɗan kunkuru kore, ma'anarsa Hyper-V ta riga ta riƙe waccan baiwa, VirtualBox kuma ta bayanta take bi. Kashe Hyper-V kan dawo da sauri. Sai dai ku sani, wani tsaron Windows mai suna Memory integrity a kanta ya dogara. Idan kwamfutar ofis ce, ku tambayi mai kula da ita kafin ku taɓa.

Sai maganar RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki. Kada ku ba baƙuwa fiye da rabin abin da mai masauki ke da shi. Mai giga 8 ya tsaya a giga 4. Idan kuka ƙwace wa mai masauki abincinsa, dukansu biyu za su galabaita.

Kashi na uku, wanda za mu fi daɗewa a kansa: sadarwa.

Hanyoyi uku ne manya da baƙuwa ke bi ta yi magana da waje, kuma a Settings, ƙarƙashin Network, ake zaɓarsu.

Ta farko sunanta NAT, kuma ita ce ke zuwa a zaɓe tun asali. A nan baƙuwa na fakewa a bayan mai masauki. Tana iya fita intanet, amma na waje ba ya iya shigowa wurinta. Ta biyu ita ce Bridged, mu ce gada. A nan baƙuwa na fitowa fili. Rawuta, wato akwatin da ke raba intanet, tana ba ta adireshinta na kanta, kamar kowace waya a gidan. Ta uku ita ce Host-only. A nan baƙuwa da mai masauki kaɗai ke jin juna, babu fita intanet. NAT, gada, da ta cikin gida. Mai son buɗe shafuka kawai, NAT ta ishe shi.

Yanzu ga matakai biyar na bincike. Ku rubuta su.

Mataki na ɗaya: shin mai masauki na da intanet? Ku buɗe shafi a kansa. Wataƙila data ce ta ƙare. Wataƙila wayar da ke raba hotsifot ta mutu, ko mai ita ya fita da abarsa. Mutum na iya shafe yini yana tonon saiti, alhali kati kawai ake buƙata.

Mataki na biyu: saiti. A ƙarƙashin Network akwai akwati biyu da dole a ga alama a cikinsu. Ɗaya Enable Network Adapter, wato a ba baƙuwa katin sadarwa. Ɗaya kuma Cable Connected, wato a jona mata waya. Wayar ba ta gaske ba ce, amma idan aka cire alamar, baƙuwa za ta ce an zare mata waya.

Mataki na uku: shin baƙuwa ta sami adireshi? Idan Windows ce, ku buɗe baƙar tagar umarni ku rubuta ipconfig. Idan Linux ce, ku rubuta ip, ku ba da tazara, ku rubuta a. A kan NAT, lambar da za ku gani ita ce 10.0.2.15. Na maimaita, 10.0.2.15. Idan kun gan ta, an wuce wannan mataki lafiya. Idan kuwa kun ga lambar da ta fara da 169.254, to baƙuwa ta nemi adireshi ba wanda ya amsa mata, shi ya sa ta ƙago wa kanta. Duk inda kuka ga 169.254, ku koma kan saiti.

Mataki na huɗu: ƙwanƙwasa ƙofa. Akwai umarni mai suna ping, wanda ke aika ɗan saƙo ya jira amsa. Ku fara da ping 10.0.2.2, ƙofar fitar baƙuwa ke nan a kan NAT. Idan ta amsa, ku gwada ping 8.8.8.8, wata na'urar Google ce. Idan ita ma ta amsa, hanya a buɗe take har waje.

Mataki na biyar: suna. Ku rubuta ping google.com. Idan lamba ta amsa amma suna ya ƙi, kun kama ɓarawon. Matsalar ta DNS ce, wato tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa lamba. Wannan kan faru idan kun tashi daga waifai na makaranta kun koma hotsifot na waya, baƙuwa kuma na kunne, ko idan kun kunna VPN a kan mai masauki. Ku kashe baƙuwa ku sake kunnawa. Idan bai yi ba, ku sa mata 8.8.8.8 ko 1.1.1.1 a gurbin DNS da hannunku.

Mai masauki, saiti, adireshi, ƙofa, suna. Matakai biyar ke nan. Matakin da ya ƙi amsawa, nan ciwon yake.

Bari mu dubi gada, domin ita ce ta fi wahalar da mutane. Ku ɗauka ga wani yaro a shagon gyara, ya juya ya ce: "Maigida, na sa gada, amma baƙuwa ba ta samun adireshi." Maigidan ya ce: "Duba ƙarƙashin wurin da ka zaɓa, sunan wane kati aka rubuta?" Yaro ya duba, sai ga sunan katin waya, alhali kwamfutar a kan waifai take. An kafa gada a inda babu hanya. Da aka zaɓi katin waifai, adireshi ya shigo nan take.

Ko an zaɓi katin daidai, gada a kan waifai ba ta kai ta kan waya tabbas ba. An gina waifai ne a kan cewa na'ura ɗaya ke bayan kowane haɗi. Waifai na makarantu da otal-otal, mai neman suna da kalmar sirri a shafi, yakan ƙi karɓar baƙuwa. A irin wannan wuri kada ku wahalar da kanku, ku koma NAT.

To idan kuna kan NAT, kuma kuna son shiga wurin baƙuwa daga mai masauki fa? Misali ɗalibi ya gina shafin intanet a cikin baƙuwa, yana son ya gan shi daga waje. Akwai maɓalli mai suna Port Forwarding, wato tura ƙofa. Irin wannan shafi ta ƙofa mai lamba 80 yakan fita. Sai ku ce duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ta 8080 a mai masauki, a kai shi ƙofa ta 80 a baƙuwa. Daga nan ku buɗe burauza a mai masauki, ku rubuta localhost:8080, shafin zai fito.

Masu baƙi biyu kuma, ku ji wannan. Idan kowace na kan NAT, dukansu 10.0.2.15 za su nuna, kuma ba za su ga juna ba, domin kowace ɗakinta daban. Idan kuna son su yi magana, ku sa su a NAT Network, ko a Host-only, inda adireshi ke farawa da 192.168.56. Ɗalibai masu koyon tsaron intanet da Kali Linux, nan ne filin atisayenku. Baƙuwar da aka gina da rauni da gangan don koyo, kada ku taɓa ɗora ta a kan gada. Kuma kada ku gwada ilminku a kan sadarwar wani ba da izininsa ba. A Najeriya akwai dokar laifukan intanet ta 2015, kuma cin amana ne ko babu doka.

Saura abu uku ƙanana. Na farko, idan kun kwafi baƙuwa kun yi ta biyu, ku ba sabuwar lambar MAC tata. MAC lambar shaidar katin sadarwa ce, kuma ta VirtualBox da 08:00:27 take farawa. Kati biyu masu lamba ɗaya a sadarwa ɗaya, rikici ne. Kusa da lambar akwai ɗan maɓallin da ke ƙirƙiro sabuwa. Na biyu, Windows ba ta cika amsa ping ba, saboda katangar tsaronta na tarewa. Shirunta ba ya nufin sadarwa ta yanke, don haka kada ku rushe katangar gaba ɗaya. Na uku ya shafi aljihu. Baƙuwa ba ta san cewa datar waya kuke ja ba. A ganinta waya aka jona mata, sai ta kama sauke sabuntawa son ranta. Ko kun taƙaita data a mai masauki, baƙuwar Windows ba ta ji ba. Ku shiga saitin sadarwarta ita ma, ku kunna Metered connection.

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan kwamfutar da ke cikin kwamfuta, da yadda ake gano inda matsalarta take. Mun gama da sadarwa.

Kashi na huɗu: direbobi.

Direba a nan wata 'yar manhaja ce da ke koya wa Windows ko Linux yadda za ta yi aiki da wani sashe na na'ura. Kuskuren da aka fi yi shi ne wannan. Mutum ya ga sauti ko hoto bai yi daidai ba a cikin baƙuwa. Sai ya je shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutarsa, ya sauke direba, ya ɗora a cikin baƙuwa. Ba zai yi ba. Me muka ce tun farko? Baƙuwa ba ta ganin ƙarfen kwamfutarku. Direbobin ƙarfe na mai masauki ne. Baƙuwa nata daban.

Direbobin baƙuwa a ƙunshi ɗaya suke zuwa. A VirtualBox sunansa Guest Additions. A VMware sunansa VMware Tools. Masu KVM kuma direbobin virtio suke ɗora wa baƙuwar Windows. Wannan ƙunshi shi ke sa allo ya cika, linzami ya riƙa shiga da fita ba tare da maƙalewa ba, a iya kwafar rubutu daga nan a liƙa a can, a kuma raba jakar fayil tsakanin baƙuwa da mai masauki.

Ga yadda ake ɗora shi. Baƙuwa na kunne, ku je Devices a saman taga, ku zaɓi Insert Guest Additions CD image. Wani faifai zai bayyana a cikin baƙuwa. Idan Windows ce, ku buɗe shi, ku danna VBoxWindowsAdditions, ku bi umarni, ku sake kunnawa. Idan Linux ce irin Ubuntu, akwai shiri kafin nan. Direban a wurin ake harhaɗa shi, don haka sai an sauke kayan harhaɗawa, wato build-essential da dkms da linux-headers. Wanda ya tsallake wannan zai ga kamar an gama, amma bayan ya sake kunnawa babu abin da ya canza. Kuma duk ranar da kuka sabunta VirtualBox, ku sake ɗora ƙunshin, domin lambobinsu su zo ɗaya.

Katin sadarwa ma direba yake buƙata, kuma nan ne sadarwa da direba ke haɗuwa. VirtualBox na iya nuna wa baƙuwa kati iri-iri. Windows XP ta san PCnet-FAST III ba tare da an ƙara mata komai ba. Daga Windows Vista zuwa sama, Intel PRO/1000 MT Desktop suka sani. Kati mai suna virtio ya fi sauri, Linux kuma ta san shi, amma Windows sai an ɗora mata direbansa. Idan baƙuwa ta ce ba ta da katin sadarwa sam, ku buɗe Device Manager a cikinta. Idan kun ga alamar rawaya, kun ba ta katin da ba ta sani ba. Ku kashe ta, ku canza irin katin, ku kunna.

Yanzu ga wani wuri da dokar nan, ta cewa baƙuwa ba ta ganin ƙarfen kwamfutarku, ta saki. Wata baiwar Allah na da shagon buga takardu, da tsohuwar firinta mai ƙarko wadda direbanta ya tsaya a Windows 7. Ta ɗora Windows 7 a matsayin baƙuwa. Ta jona firinta ta USB, ta je Devices, ta shiga USB, ta danna sunan firintar. Daga wannan lokaci an miƙa wa baƙuwa firintar hannu da hannu. Mai masauki ya daina ganinta. A nan kam direban firinta na gaske ake ɗorawa a cikin baƙuwa, domin abin da ke hannunta na gaske ne.

Idan sunan na'urar ya fito amma ta ƙi aiki, ku duba irin USB da aka zaɓa a saiti. Akwai 1.1, akwai 2.0, akwai 3.0. Windows 7 ba ta zo da direban USB 3.0 ba, don haka 2.0 za ku zaɓa mata. A da sai an ƙara wani ƙunshi mai suna Extension Pack kafin a sami 2.0 da 3.0. Tun daga VirtualBox 7.0, wadda ta fito a 2022, suna ciki. Wanda mai masaukinsa Linux ce, ya sa sunansa a rukunin vboxusers, in ba haka ba jerin USB zai fito wayam. Filashi kuwa, ku cire shi ta ƙa'ida a cikin baƙuwa kafin ku mayar wa mai masauki, kada fayil ya lalace.

Gargaɗi biyu kafin mu wuce. Microsoft ta daina ba Windows 7 gyaran tsaro tun Janairun 2020, XP kuwa tun Afrilun 2014. Idan don firinta kuka ajiye su, ku cire musu intanet. Sannan ku guji shafukan da ke cewa za su sabunta muku dukan direbobi da danna ɗaya. Ta irin wannan ƙofa miyagun manhajoji ke shigowa.

Kashi na biyar, na ƙarshe: allo.

Idan hoton baƙuwa ya tsaya ɗan ƙarami a tsakiya, da baƙi kewaye da shi, tambayar farko ita ce: an ɗora Guest Additions? Idan an ɗora, ku je View ku tabbatar Auto-resize Guest Display na kunne.

Idan bai gyaru ba, ku kashe baƙuwa, ku shiga Settings, ku zaɓi Display. Akwai katin hoto iri uku. VMSVGA na Linux ne. VBoxSVGA na Windows 7 ne zuwa sama. VBoxVGA na tsofaffi ne irin su XP. Na sake faɗa. Linux, VMSVGA. Windows ta zamani, VBoxSVGA. A wannan shafin kuma akwai ƙwaƙwalwar hoto. Ku ja ta zuwa mega 128.

Idan allon ya yi baƙi ƙirin, ko yana ƙyaftawa, ku nemi akwatin 3D Acceleration ku cire alamar. Aikin 3D ta katin hoton mai masauki yake bi. Idan direban wancan kati ya tsufa, a fuskar baƙuwa abin ke nunawa. Kun ga mun sake komawa kan jerinmu: ciwo a baƙuwa, tushe a mai masauki. Nan ne wurin sabunta direban hoto na gaske, a kan mai masauki, daga shafin kamfanin da ya ƙera shi.

Akwai wani dalilin baƙin allo da ake mantawa, wato cikar faifai. Idan faifan baƙuwar Linux ya cika maƙil, tana iya kasa buɗe fuskarta. Idan na mai masauki ne ya cika, VirtualBox na dakatar da baƙuwa cak. Ku duba sarari a ɓangarorin biyu. Idan kuma rubutu ne ya yi ƙanana har sai an ƙura ido, ku ɗaga Scale Factor zuwa kashi 150 ko 200.

Sai maɓallin ceto. A VirtualBox, Ctrl na hannun dama shi ake kira Host. Idan linzami ya maƙale a cikin baƙuwa, ku danna shi, zai fito. Host da F na cika allo, su ne kuma ke mayar da shi. Idan jerin umarnin sama ya ɓace, mai yiwuwa Host da C aka danna bisa kuskure, ku sake danna su. Host da Home na fito da jerin a kowane hali. Wasu ƙananan kwamfutoci ba su da Ctrl na dama. Masu irinsu su shiga Preferences, ƙarƙashin Input, su zaɓi wani maɓalli tun kafin su shiga matsi.

Jama'a, lokaci ya fara ƙure mana. Bari in bar ku da ɗabi'u huɗu na mai gyaran kirki.

Ta ɗaya, kafin ku taɓa direba ko ku yi babbar sabuntawa, ku ɗauki Snapshot. Wannan hoton halin da baƙuwa ke ciki ne a wannan lokaci. Idan gyara ya ɓaci, ku koma kansa cikin ɗan lokaci kaɗan. Rigakafi ya fi magani. Amma ku sani, a faifai ɗaya yake zaune da baƙuwar. Idan faifan ya mutu, tare za su tafi. Aiki mai muhimmanci ku kwafe shi a wani wuri dabam.

Ta biyu, ku kashe baƙuwa ta ƙa'ida. Mu da wuta ke ɗaukewa ba sallama, wanda batirinsa ya yi rauni ya riƙa adana aiki a kai a kai. Yankewar wuta ana tsakar rubutu a faifai na iya hana baƙuwa tashi gobe.

Ta uku, canji ɗaya a lokaci ɗaya. Ku canza, ku gwada, ku rubuta. Idan bai yi ba, ku mayar da shi yadda yake kafin ku taɓa na gaba. Wanda ya canza abu biyar a tare, ko ya dace bai san abin da ya yi magani ba, kuma gobe zai sake faɗawa ramin.

Ta huɗu, ku karanta saƙon kuskure kafin ku rufe shi. Ku ɗauke shi hoto da waya. VirtualBox na ajiye tarihin duk abin da ya faru, kuma da Show Log ake buɗe shi. Idan za ku nemi taimako wurin malami ko abokin sana'a, kada ku tsaya a "ta ƙi yi". Ku faɗi abin da mai masauki ke ɗauke da shi, da abin da baƙuwa ke ɗauke da shi, da lambar VirtualBox, da abin da kuka taɓa na ƙarshe kafin matsalar ta fara. Wanda ya zo da waɗannan huɗu ya yi wa mai taimakonsa rabin aiki.

Ga aikin gida. Wanda ke da baƙuwa mai lafiya, ya kunna ta yau. Ya duba adireshinta, ya rubuta. Ya duba irin katin sadarwa da na hoto da aka zaɓa mata, ya rubuta. Ya bi matakan nan biyar, ya ga yadda amsa take idan komai na daidai. Wanda ya san kamannin lafiya ba zai sha wahalar gane ciwo ba. Wanda kuma ya iya, ya zaunar da ƙaninsa ko ƙanwarsa ya nuna musu, domin da haka sana'a ke yaɗuwa a unguwa.

Mai masauki, saiti, baƙuwa. Daga waje zuwa ciki, canji ɗaya a lokaci ɗaya. A nan za mu dasa aya. Allah ya sa albarka a cikin abin da muka koya, ya ba mai nema sa'a. Sai mun sake saduwa a shiri na gaba.